Bappa Duba-gari da Dakalin Ƙofar Gidanmu

Mahauta ne suka fara zuwa gaisuwa, tun ba a gama shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ba. Abin ya ba matan gida mamaki, don duk faɗin Mubi babu waɗanda Bappa ya takura wa irin su. Babbansu ya tsugunna a bakin zaure, ya ce a isar wa Inna, matar marigayin, cewa rashin nan har da su aka yi wa. Ina tsaye bayan labule da butoci a hannu na ji yana ba maza labari.

"Wata rana ya sa na binne hantar sa sukutum, ga ta ja wur, wai akwai tsutsa a ciki. Na yi rantsuwa, na yi magiya, ya ce in nemo fartanya. Sati guda ban gaishe shi ba. Amma daga ranar, in na ce wa mai saye Baba duba-gari ya gani, ba ya ƙara juya naman."

Maza suka yi 'yar dariyar da ake yi a gidan makoki, wadda ba ta daɗewa.

Da hantsi mata suka iso daga Digil da gyaɗa da dawa a ƙullin zane. Wata tsohuwa a cikinsu ta ce shi ne ya rufe musu rijiya shekarar da amai da gudawa suka shiga ƙauyen, suka zage shi tas, shi kuwa ya yi ta safa da marwa zuwa sakatariya har sai da aka gina wa rijiyar baki aka yi mata murfi. Masu sharar kasuwa suka zo. Tsofaffin ma'aikatan asibitin unguwa suka zo. Sai maƙwabciyarmu, Maman 'yan biyu, wadda ta sauko daga tsaunukan Michika tun tana amarya, ta shigo da mayafin zuwa coci a kanta. Ita ba ta iya kukan ɓoye ba. Ta riƙe hannuna ta ce, "Malama, yanzu wa zai buɗe mana ruwa?"

Mutum ɗaya ne bai faɗi komai game da marigayin ba, shi ne mahaifina, ƙaninsa. Yana zaune a kan tabarmar farko yana karɓar gaisuwa, ana cewa Allah ya jiƙansa yana cewa amin, idonsa a ƙasa. Kowa a wurin ya san shi da yayansa sun yi shekaru ba su sa hannu a ƙwarya ɗaya ba. Abin da babu wanda ya sani shi ne, akwai saƙon Bappa zuwa gare shi a bakina, wanda aka ba ni kwana uku kafin rasuwar, ban kuwa isar ba. Da wannan saƙon na yi zaman makoki, ina raba ruwa da shinkafa, yana ci na.

Bappa yayan Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A ƙaramar hukuma ya yi aikinsa tun yana saurayi har ya yi ritaya, a sashen lafiya, kuma sunan aikin ya bi shi har kabari, don ko limamin da ya sallace shi Baba duba-gari ya ce. Dogo ne siriri, da kaki mai guga da keke wanda ya girme ni. Yana da wata ƙaramar tocila a aljihu da yake haska cikin randa ko akwai tsutsar sauro. Halin ya zame masa jiki. Ko ziyara ya je gidan surukai, kafin a gama gaisawa za ka ga ƙafarsa tana jan shi wajen randa. Dada, mahaifiyata, in ta ji ƙarar kekensa sai ta ce, "Ku rufe tulu, ga gwamnati nan tafe."

Bai taɓa jin kunyar ƙanƙantar aikinsa ba. Da na samu aikin koyarwa a firamare na je gaishe shi, ina ɗan hura hanci, sai ya ce, "To, kin shigo gidanmu. Makarantarki tamu ce, asibitin da za ki kai 'ya'yanki allura namu ne, kasuwa tamu, tasha tamu, maƙabarta ma mu muke share ta. Gwamnatin Abuja da ta Yola sai a rediyo ake jin su. Mu ne hukumar da in an zage ta take ji da kunnenta." Ya faɗi haka yana ɓare mini gyaɗa, kamar wanda yake ba ni gadon wata babbar gona.

Ranar suna kuma kowa ya san tambayarsa. Mutane na cewa Allah ya raya, shi zai matso kusa da uban jariri ya ce, "An rubuta shi?" In aka ce tukuna, to mai gidan ya shiga uku, don zai yi ta zuwa kamar mai bin sawun ɓatacciyar akuya har sai ya ga takardar haihuwa da idonsa. 'Ya'yana huɗu duk shi ya raka mijina aka karɓo tasu. Ya ce yaron da ba a rubuta ba, ranar da za a gina aji ba a san da shi ba.

Abin da aka fi yi masa dariya a kai shi ne ruwan fari. In aka yi ruwan farko na shekara, kowa na gudu yana neman mafaka, shi lokacin yake fitowa. Zai naɗe wando, ya bar keke a gida, ya bi ruwan da ƙafa daga saman unguwa har ya ga inda ya faɗa mayo, wato kogi. Duk inda ruwa ya tsaya ko ya karkata, nan zai tsaya shi ma ya duba dalili. Washegari ya je ofis da jerin lambatun da suka toshe da kwalbatin da suka karye. Inna ta gaji da faɗa. Takan ce ta auri mutum, ashe agwagwa aka kawo mata. Shi kuwa ya ce taswirar ofis da rani aka zana ta, ba ta san halin ruwa ba.

Wannan ruwan ne ya shiga tsakaninsa da Baba.

Gidanmu yana kan gangare, ruwan unguwa duk ta lambatun ƙofarmu yake wucewa. Baba ɗan kasuwar hatsi ne, shagonsa a jikin gidan. Wata shekara, ina budurwa, ciniki ya buɗe masa har buhuna suka fi ƙarfin shago. Sai ya kira magina suka zuba dakali a kan lambatun, suka bar siririn bututu a ƙasa wanda ko kan akuya ba zai shiga ba. Da rani babu wanda ya ce uffan. Damina na sauka, leda da yashi suka toshe bututun, ruwa ya rasa hanya, ya karkata ya afka gidan da ke ƙasa da namu, gidan Maman 'yan biyu. Lokacin mijinta bai daɗe da rasuwa ba. Na tuna ta tsaye a tsakar gidanta, ruwa har ƙauri, ta ɗora tagwayen a kan turmi.

Ta zo ta yi wa Dada magana, Dada ta faɗa wa Baba, Baba ya ce zai duba. Aka sake ruwa, aka sake. Da ta ga katangarta ta fara tsagewa, sai ta ɗauki ƙafa ta kai kuka sakatariya, takardar kuwa ba ta sauka a teburin kowa ba sai na Bappa.

Ranar kasuwa ya zo, da rana tsaka, cikin kaki, da gwangwanin jan fenti a rataye a kan keke. Akwai wasu dakalai uku ko huɗu a layin da suka hau kan lambatu, amma da namu ya fara. Masu awo sun cika ƙofar shago. Baba ya miƙe ya ce, "Yaya, lafiya?"

"Yau ba Yaya ba ne," in ji Bappa. "Ofis ne."

Ya tsoma buroshi ya zana jan gicciye a jikin dakalin, ya ce kwana bakwai, ya wuce na gaba. Bai ko sha ruwan da na kawo masa ba.

Da yamma Baba bai ci tuwo ba. Na ji shi yana ce wa Dada, "Da ya zo mini a matsayin yayana ya ce fasa, wallahi da hannuna zan fasa kafin ya kai gida. Ban taɓa musa masa ba tun muna kiwo. Amma ya zo mini da kaki da fenti a gaban mutane. To, ofis ɗin ya zo ya fasa."

Na daɗe ina juya wannan magana, kuma har yau ban iya ba ɗayansu gaskiya duka ba. Bappa yana ganin in ya bi ta bayan gida ya lallashi ƙaninsa, sauran masu dakali za su ce awonsa biyu ne. Baba kuwa yana ganin an sayi mutuncin ofis da nasa. Dukansu Fulani ne masu kunya, kuma kunyar ce ta hana kowannensu komawa ya ce a sake lale.

Sauran mutanen layin suka fasa nasu. Baba ya je ya ga wani mai faɗa a ji, takardar ta kwanta a wata durowa ba ta ƙara tashi ba. Aka shiga cewa a gari duba-gari ya rushe na kowa ya bar na ƙaninsa. Wannan magana ta yi wa Bappa ciwo fiye da yadda ya nuna. Yana da ikon tada takardar, ya kawo leburori a fasa da ƙarfi, amma bai yi ba. Da na girma na tambaye shi dalili, ya ce, "In na kawo lebura, gidan ubana na daka. In na ƙyale, na cuci baiwar Allah da marayunta. Sai na nemi hanya ta uku."

Hanya ta uku ita ce wani dogon ƙarfe mai ƙugiya a baki da ya sa maƙeri ya ƙera masa. Duk shekara in hadari ya fara haɗuwa, da kuma bayan kowane ruwa mai ƙarfi, zai zo ƙofar gidanmu da sassafe, ba da kaki ba, ya naɗe wando, ya durƙusa a bakin bututun ya yi ta zura ƙarfen yana jawo leda da tsumma da yashi. Ya kwashe a tsohon buhu ya ɗora a keke ya tafi. In Baba yana kan dakali, sai ya tashi ya shige shago. Suna gaisawa, don babu mai son ɗaukar zunubin gaba. "Ina kwana, Yaya." "Lafiya lau." Shi ke nan. Ranar salla Baba zai je gaishe shi, ya durƙusa, ya tashi kafin a kawo abinci. Ko shekarar da 'yan bindiga suka shigo aka watse daga garin, mota ɗaya suka shiga, Bappa ya ɗora jakar Baba a cinyarsa har Yola, amma hirar ba ta wuce ta hanya ba.

Na yi aure, na haihu, tagwayen Maman 'yan biyu suka girma suka tafi neman na kansu. Bappa ya yi ritaya, aka yi masa walima a sakatariya, aka ba shi agogon bango. Mun ɗauka ƙarfen ma ya yi ritaya. Damina na zuwa sai ga shi. Na ce, "Bappa, ai yanzu akwai yara a ofis ɗin, ka bar musu." Ya ce yaran ofis suna da lambatun gari duka, wannan ɗaya nasa ne. A 'yan shekarun nan gwiwoyinsa sun ƙi, in ya durƙusa sai ya dafa dakalin kafin ya miƙe. Sau da yawa na hango Baba ta ƙofar shago yana kallonsa, hannunsa na motsi kamar zai fito, sai ya juya ya kama gyaran buhun da ba ya buƙatar gyara.

Dada kuwa ta san yadda take yi. Duk ranar da Bappa ya zo, sai ta dama kunun gyaɗa ta ba ni in kai gidansa, ta ce in ce daga gidan ƙaninsa. Baba yana ganin kwanon na fita, bai taɓa tambayar ina za a kai ba. Da kansa ma yake ware gyaɗar mai kyau ya ajiye mata.

Ciwon bai ja shi da yawa ba. A ƙarshen bazarar nan ƙirji ya kama shi, aka kai shi asibiti, aka dawo da shi gida. Baba ya je dubiya sau biyu, ya zauna a bakin ƙofa, ya ce yaya jiki, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya tafi. Ni kullum in na tashi daga makaranta can nake wucewa. Wata rana da la'asar na same shi an jingina shi da filo yana kallon sama ta taga.

"Gabas ta fara yin baƙi," ya ce. "Bana ba zan iya durƙuso ba."

Na ce ya bar wannan tunani, ya ji da jikinsa.

Sai ya ce, "Ranar nan da na je da fenti, na yi daidai a aiki, amma na yi kuskure a gida. Da na fara zuwa da daddare da rigata ta gida, na faɗa masa, sannan gari ya waye in zo da kaki in same shi ya fasa. Ban yi wannan dabarar ba sai da fentin ya bushe." Ya kama hannuna. "Ki je ki ce wa babanki, yayansa ne ke magana, ba duba-gari ba. Ya fasa dakalin nan. Kuma ya yafe mini tozarcin da na yi masa."

Na ce to. Na fito da niyyar wucewa gida kai tsaye. A hanya tsoro ya kama ni. Na san Baba, in aka zo masa da magana ba a kan gaɓa ba, yakan ce a'a don kawai ya riga ya saba da a'a ɗin. Na ce idan ya ƙi fa, da wane baki zan koma in faɗa wa mara lafiya? Sai na ce bari in jira ranar Juma'a, in ya dawo masallaci zuciyarsa a sanyaye. Washegari Bappa ya tambaye ni da ido, na ce ina nan ina neman lokaci. Ya gyaɗa kai. Ranar Alhamis da hantsi, ina cikin aji, aka aiko a kira ni.

Wannan laifina ne, kuma ban rubuta shi don a ce mini ba komai ba.

Aka yi uku, aka yi bakwai, baƙi suka watse. Kwana biyu bayan haka gari ya tashi da hadari, iska na kaɗa ledoji a layi. Na zo gida duba Dada, sai na tarar da Maman 'yan biyu a ƙofarmu. Ta je wurin Inna ta aro ƙarfen. Tsohuwa ce yanzu, ta ɗaure zane a ƙugu, ta durƙusa a bakin bututun tana zurawa, ƙarfen ya fi ƙarfinta. Na ce, "Mama, kawo in yi." Ta ce, "Bari, Malama, kayanki zai ɓaci. Na ga yadda yake yi, zan iya kaɗan kaɗan."

Na ɗaga kai na ga Baba a cikin shago yana kallonta. A nan na san in ban faɗa yau ba, ba zan taɓa faɗa ba. Na shiga na durƙusa a gefen buhuna.

"Baba, akwai saƙo daga Bappa. Tun yana da rai ya ba ni."

Ya juyo gare ni. Na faɗa masa kalma da kalma, yadda aka faɗa mini. Da na zo wurin yayansa ne ke magana, sai ya katse ni.

"Yaushe ya ce miki haka?"

"Ranar Litinin."

Ya ƙirga kwanakin da yatsu, a hankali, kamar mai tasbihi. Litinin, Talata, Laraba. Ya dube ni, babu faɗa a fuskarsa, kuma da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi.

"Da kin faɗa mini," ya ce, "da na fasa, na je na gaya masa da bakina."

Na fashe da kuka. Ya bar ni na yi, sannan ya ce in shiga in ce wa Dada ta miƙo gudumar da ke bayan rumbu. Ya tuɓe babbar riga ya rataye a ƙofa, ya fita ya ce wa Maman 'yan biyu, "Tashi, Mama. Kin sha wahalarmu, ki yi haƙuri." Ya sauke buhunan da ke kan dakalin ɗaya bayan ɗaya, bai yarda an taya shi ba.

Dukan farko ko ɓantarewa simintin bai yi ba, gudumar ta kusa ƙwace masa. Maƙwabta suka fara taruwa. Wani ya ce, "Alhaji, bari a kira matasa, wannan ba aikinka ba ne." Baba ya share zufa da bayan hannu, ya gyara tsayuwa.

"Ni aka ce," ya ce. "Yayana ne ya ce in fasa."

Ya sake ɗaga gudumar. Muka tsaya muna kallon tsoho yana dukan siminti yana hawaye, har dakalin ya tsage.

Allah, ga bawanka nan ya zo maka, wanda ya tsare wa mutane ruwan shansu da naman tukunyarsu, ya durƙusa shekara da shekaru a ƙofar ƙaninsa don kada ruwa ya ci gidan maƙwabciya. Ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci, ka isar masa da abin da ni na kasa kai masa: ƙaninsa ya ji, kuma ya yi.